Lahadi ɗaya a Santambul: a nufi Shile ko a tsallaka Tirilye?

Duk wanda ya taɓa zuwa sari Santambul ya san yadda Lahadi take zuwar wa mutum. Ka yi kwana biyar kana sintiri tsakanin Laleli da Osmanbey da Merter, ka ɗaure kaya ka miƙa wa masu kago, sai ka wayi gari yawancin shagunan sari a garƙame, jirginka kuma sai Litinin. Da yawanmu a ɗakin otal muke kashe ranar, ana buga lissafi ana kurɓar shayi. Masu ƙoƙari su leƙa Ayasofya da Masallacin Sultan Ahmad, su ɗauki hoto su dawo.

Bara wata Hajiya da muke yawan haɗuwa a wannan hanya ta tare ni a wajen karin kumallo. Ta ce, "Malam, ni fa na gaji da ganin bango da shaguna. Ina son in hau jirgin ruwa, in ga ƙauye, in ga bakin teku. Ga ƙanwata, ga yaron nan, rana ɗaya gare mu. Ina za mu nufa?"

Hanya biyu na sani, kuma kowacce na bi ta fiye da sau ɗaya. Ta farko arewa take yi: ka hau jirgin fito daga Eminonu, ya ratsa mashigin Bosforus har Anadolu Kavagi, daga nan mota ta ɗauke ka zuwa gaɓar Bahar Aswad, ka ƙare a garin Shile. Ta biyu kudu take yi: ka fita da mota zuwa Eskihisar, a loda ku cikin jirgi kai da motar, ku tsallake zuwa Topcular, sannan ku bi ta Yalova da Gemlik da Mudanya har ƙauyen Tirilye a bakin tekun Marmara. A ta arewa jirgin ne abin kallo, mota ƙari ce. A ta kudu jirgin gajere ne, daɗin yana kan titi.

Ta arewa ta fi sauƙin farawa. Daga Laleli jirgin kan titi da suke kira tramvay zai kai ka Eminonu a tasha ta shida. Da ka sauka 'yan kamasho za su yanyame ka suna ihun "Bosfor, Bosfor", suna tallar ƙananan jiragen da ke ɗan zagaye su dawo. Wuce su. Abin da kake nema shi ne doguwar tafiya ta jiragen birni, Şehir Hatları, wadda ke tashi da hantsi. Ka yanki tikitin zuwa kawai, tunda da mota za ka dawo, kuma ka isa da wuri don ka sami kujera a waje ta ɓangaren hagu. Nan ne gaɓar Turai za ta riƙa wucewa a gabanka.

Mashigin bai fi kilomita 30 da 'yan kai ba, amma jirgin yakan ci kusan awa biyu saboda yana tsayawa a tashoshi, yana tsallakawa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Da farko fadar Dolmabahce, inda Ataturk, wanda ya kafa jamhuriyar Turkiyya, ya rasu a 1938, ta miƙe a bakin ruwa fara fat. Sai masallacin Ortakoy a gindin gadar farko, wadda aka buɗe a 1973. Can gaba, inda ruwan ya fi tsukewa, wajen mita 700, ganuwa biyu ke kallon juna. Ƙaramar ta ɓangaren Asiya Sultan Bayazid na Ɗaya ne ya gina ta. Babbar, Rumeli Hisari, jikan ɗansa Muhammadu Fatih ne ya tsayar da ita cikin 'yan watanni a 1452, don ya toshe hanyar da agaji zai zo wa birnin daga Bahar Aswad. Shekara na zagayowa ya ci garin. Idan ka ga wurin da idonka ba ka bukatar malamin tarihi ya yi maka bayani: duk jirgin da zai wuce sai ya bi ta bakin igwa.

Tsakanin waɗannan akwai tsofaffin gidajen katako na manyan Usmaniyya da ake kira yali, ƙafarsu a cikin ruwa, wasu an gyara su sun zama na attajirai, wasu sun karkace suna jiran ranarsu. Kana cikin kallonsu sai wani ƙaton jirgin dakon mai ko na hatsi ya rufe maka gani gaba ɗaya, yana tafiya a hankali kamar unguwa guda ta tashi. Yarjejeniyar Montreux ta 1936 ce ta ba jiragen kasuwanci 'yancin wucewa ta nan, shi ya sa ba sa yankewa. A tashar Kanlija kuma ana shigo da kindirmonsu mai suna, a ɗan kofi, a barbaɗa masa garin sukari. Yana da daɗi, sai dai wanda ya saba da na ƙwarya ba zai rasa abin cewa ba.

Anadolu Kavagi ƙauyen masunta ne da ya koma na masu gidajen cin kifi. Tun kafin ka taka ƙasa ma'aikatansu na ɗaga maka hannu. Kada ka zauna tukuna. Ka fara hawa tudu zuwa kangon ganuwar Yoros, wadda Rumawa suka gina, 'yan kasuwar Genoa kuma suka riƙe ta wani lokaci. Hawan minti ashirin ne zuwa talatin, kuma yana da tsayi sosai. Mai ciwon gwiwa gara mota ta kai shi. Daga sama kana ganin gada ta uku, ta Yavuz Sultan Salim da aka buɗe a 2016, bayanta kuma ƙasa ta ja baya ta kowane gefe, Bahar Aswad ta buɗe ba iyaka.

Wuri ɗaya da mutanenmu ba sa son a tsallake shi ne Tudun Yusha'u, 'yan mintuna a mota daga ƙauyen. Turkawa na cewa nan kabarin Annabi Yusha'u yake, an kewaye shi da tsawon mita 17. Akwai wasu wurare a Jodan da Falasɗinu da su ma ake danganta su da shi, Allah ne masani. Ko ba don ziyara ba, akwai masallaci mai tsafta da wurin alwala, ga inuwa, ga iska. Azahar a nan ta fi ta ko'ina a wannan hanya.

A nan ne kuma matsalar hanyar arewa take fitowa. Jirgin ba ya ɗaukar mota. Dole ka shirya da direban da zai zagayo ta titi ya jira ka a Anadolu Kavagi, ko ka yi cinikin shata da ɗan tasi a can, wanda ya san ba ka da zaɓi da yawa. Ni dai na fi son a gama magana tun daren Asabar: nawa ne, har ina, ƙarfe nawa za a dawo, wa zai biya kuɗin gada.

Daga nan titi yana ratsa daji mai duhun itatuwa, ya gangara Poyrazkoy, ya hau Anadolu Feneri inda tsohuwar hasumiyar fitila ke nuna wa jirage bakin mashigi, ya bi ta Riva, sannan ya kama babbar hanyar Shile. A allon titi Şile za ka ga an rubuta. Gaskiyar magana, teku tana ɓuya a yawancin wannan tafiya. Itatuwa ne, da tuddai, da shanu jefi-jefi, sai a wata kwana ruwan ya leƙo ya sake ɓacewa.

Shile kanta tana biyan wahalar. Gari ne a kan dutse, ƙasansa tashar masunta, ga hasumiyar fitila mai zanen baƙi da fari da aka gina zamanin Sultan Abdulmajid wajen 1860. Abin da zai ja hankalin ɗan kasuwa shi ne yadinsu, Şile bezi: auduga ce sakayau mai ɗan yamutsi, wadda a al'adance ake wankewa da ruwan teku a shanya a kan yashi. Ba ya riƙe zufa. Duk wanda ya taɓa shan zafin Afrilu a Sakkwato zai shafa shi ya fara lissafi. Amma a kula da abu biyu. Ruwan Shile yana da igiya mai jan mutum ciki, kuma kusan kowane bazara sai an ji labarin waɗanda ya ci, don haka yaro ya tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba. Sannan a watannin zafi bakin ruwan cike yake da masu wanka da kayan wanka irin nasu. Wanda zai ji nauyin haka a gaban iyali ya tsaya sama wajen hasumiya, ko ya zo a wani lokacin.

Babban abin da ke kashe wannan hanya shi ne komawa. Shile ba ta fi kilomita 70 daga birni ba, kuma ita ce wurin shan iskar mutanen Santambul. Ranar Lahadi a watan Yuli ko Agusta kowa da la'asar yake juyowa, a titi guda. Na taɓa baro garin ƙarfe biyar ina cewa zan yi magariba a Laleli. Isha'i ma a wani gidan mai na yi ta, muna tafiya kamar ana jan mu da igiya.

A wannan gidan man ne na tafka abin kunyar da har yau abokan tafiya ke tsokana ta da shi. Na matsu, na hango ƙofa an rubuta Bayan, na ce lallai Turkawa sun ji Hausa, na danna kai. Ashe a harshensu Bayan mace ke nan, Bay namiji. Wata tsohuwa da ke gyara ɗankwali ta bi ni da kallon da ba ya bukatar tafinta. A wasu wuraren Kadın da Erkek ake rubutawa. Ta farkon ita ce ta mata.

Hanyar kudu ba ta da wasa da lokaci. Ana sallame asuba a kama hanya. Bakin ramin Avrasya, wanda ke bi ta ƙarƙashin teku zuwa ɓangaren Asiya, yana nan kusa da Laleli, don haka fita ba wuya a wannan sa'a. Awa ta farko babu abin gani: benaye, masana'antu, rumbunan ajiya, har Gebze. Wanda bai gama barci ba ya ƙarasa.

Eskihisar ce ke farkar da mutum. Jiragen nan dare da rana suke aiki, ba sai ka yanki tikiti tun jiya ba. Ka biya a ƙofa, ka shiga layi, ma'aikaci ya nuna maka inda za ka tsaya, gab da motar gabanka har kana jin kamar za ka taɓa ta. Manyan motoci, bas-bas, ƙananan motoci, duk cikin ciki ɗaya. Sai ka ja birki, ka kulle, ka hau sama. Wanda ya taɓa tsallake Neja ko Binuwai a kwalekwale ana ɗora babur a tsakiya zai yi murmushi, don dabarar ɗaya ce, girman ne ya bambanta. A sama akwai shayi a 'yan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, akwai simit, burodin nan mai kama da zobe da aka yaɓe da riɗi. Ka gutsuro ka cilla sama, fararen tsuntsayen teku da ke bin jirgin su cafe tun bai faɗo ba. Yaron da ya ga wannan ya gama samun abin ba da labari a makaranta. Ta hagu kuma ga gadar Osman Gazi da aka buɗe a 2016, wadda aka yi don a huta da wannan fito. Ta fi sauri nesa ba kusa ba, amma kuɗinta ya sa direbobi da yawa ba su rabu da jirgi ba. Tsallakawar minti talatin ce zuwa arba'in da biyar. Kafin shayi na biyu ya huce an fara tada injuna a ƙasa.

Yalova ba ta da tsofaffin gine-gine da yawa, girgizar ƙasar 17 ga Agusta 1999 ta yi mata mummunar ɓarna. Abin tsayawa guda shi ne gidan Ataturk na bakin ruwa da ake kira gida mai tafiya. A 1930 reshen wata babbar bishiya ya fara taɓa ginin, aka nemi izinin sarewa, ya ce a bar bishiyar a matsar da gidan. Aka shimfiɗa layin dogo a ƙarƙashinsa aka ja shi kusan mita biyar. Bishiyar na nan har yau. Minti talatin ya isa.

Daga nan titi ya haura tudu ya gangara Orhangazi, inda za ka yanke shawara ta biyu. Hagu Iznik ce, a ƙarshen wani tafki mai tsawon kilomita 30 da ɗoriya. Nan ne malaman Kirista suka yi babban taronsu na shekarar 325, Orhan Gazi ya karɓe garin a 1331, kuma nan aka ƙera tayil masu shuɗin zane sama da 20,000 da ke jikin Masallacin Sultan Ahmad. Gari ne mai natsuwa cikin tsohuwar ganuwa, kuma ina ƙaunarsa. Sai dai tafki ne, kuma wanda ya shiga Iznik ya haƙura da Tirilye a ranar. Tunda teku aka fito gani, a miƙe zuwa Gemlik.

Daga Gemlik zaitun ya karɓe ƙasar. Baƙin zaitun ɗin da ake ajiye maka a faranti kowace safiya a otal, akwai yiwuwar irin na nan ne, don sunan garin ake kiransa da shi. Tuddai ne a jere, kowanne lulluɓe da itatuwa masu ganye ruwan toka, gajeru, masu murɗaɗɗen jiki, wasu sun girmi kakan mai gonar. Idan ka zo a Nuwamba ko Disamba za ka tarar da iyalai sun shimfiɗa raga a ƙasa suna kakkaɓa, tarakta na jan buhuna a gefen titi. Hanyar gaɓa daga Gemlik zuwa Mudanya tana da kwana-kwana, teku na hannun dama kusan ko da yaushe, kuma wannan ne abin da hanyar Shile ba ta ba ka.

A Mudanya akwai farin gidan katako a bakin ruwa inda aka sa hannu kan tsagaita wutar yaƙin Turkawa da Girkawa ranar 11 ga Oktoba 1922, Ismet Pasha yana wakiltar Turkawa. Yanzu gidan tarihi ne. Daga nan kilomita 12 ne kacal zuwa Tirilye, amma su ne mafi kyau a duk tafiyar. Titin ya manne a jikin tudu, zaitun a sama, zaitun a ƙasa har bakin ruwa, kowace kwana da irin nata kallon. Mai saurin jiri ya zauna gaba.

Tirilye ƙauyen Girkawa ne har zuwa musayar jama'a ta 1923, lokacin da aka kwashe Kiristocinsa zuwa Girka aka kawo Musulmi daga can. Lunguna ne matsattsu, gidaje na katako da dutse, benen sama ya turo kai kan hanya. Masallacin Fatih na garin coci ne na Rumawa da ya haura shekara 1,000; za ka yi salla a ƙarƙashin ƙubba da ginshiƙan da suka riga daular Usmaniyya zuwa duniya. Akwai wurin shan shayi a kan tudu a ƙarƙashin itatuwa, inda gaba ɗaya gaɓar ke shimfiɗe a gabanka. Mata na zaune a ƙofar gida suna sayar da zaitun da mansa da sabulunsa, kuma za su ba ka ka ɗanɗana kafin ka saya. Kifi akwai a bakin tasha. Nan da Anadolu Kavagi duka, gasasshen kifinsu gishiri ne da lemon tsami kawai, don haka ƙullin yaji a jaka ba abin kunya ba ne. Daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Satumba an hana manyan jiragen kamun kifi fita, saboda haka kifin kaka da na sanyi ya fi yawa, ya fi araha.

Wani zai ce, tunda Bursa na nan kilomita 30 daga Mudanya, me zai hana a leƙa? Ga kabarin Usman da Orhan, ga Babban Masallaci mai ƙubba 20, ga kasuwar siliki ta Koza Han, ga tawul. Na gwada. Abin da na samu shi ne na ga komai a guje, ban zauna ko'ina ba, na dawo otal tsakar dare ƙafa a kumbure. Bursa ranarta daban.

Ta fuskar aljihu arewa ta fi sauƙi. Tikitin jirgin ba shi da tsada, tafiyar mota ba ta kai kilomita 200 ba. Kudu ta haura 300 zuwa da dawowa, ga kuɗin rami, ga na fito, ga na gada idan ta nan aka dawo, kuma nan nake ba da shawarar a dawo don gajiya. Ban kawo farashi ba saboda lira ba ta zama wuri ɗaya; abin da na biya bara ba shi za ka biya bana ba. Idan ku huɗu ne ko biyar kuka raba, bambancin ba zai dame ku ba. Mai son tuƙa kansa, hannun dama suke bi kamar gida, kuɗin hanya kuma na'ura ce ke cira ta tsarin HGS, kamfanin haya ya caje ka daga baya. A nemi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun daga gida, a kuma faɗa musu idan mota mai canza giya da kanta ake so. Kudu ta fi dacewa da mai tuƙa kansa, tunda motar na tare da shi ko'ina.

Akwai kuma hanyar rage wahala: jiragen fasinja masu gudu, irin na BUDO, suna zuwa Mudanya kai tsaye daga Santambul cikin kamar awa biyu, can sai ka ɗauki shatar tasi zuwa Tirilye. Illarsu biyu. A rufe suke kamar bas, ba fita shan iska. Kuma idan iskar kudu da suke kira lodos ta taso, musamman da sanyi, sukan soke tafiya, mutum ya tsinci kansa a wancan ƙetare alhali jirginsa na gida gobe ne. Jiragen Bosforus ruwansu a kwance yake, hazo mai kauri ne ya fi tsayar da su.

Tsawon rana ma abin dubawa ne. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas da rabi, kowace hanya za ta shiga. A Disamba kafin shida duhu ya yi, gari kuma ba ya wayewa sai bayan takwas. A irin wannan lokaci kudu ta yi nisa, sai dai in zaitun ake son gani ana kakkaɓa.

Ga yadda nake yankewa. Wanda bai taɓa ganin Bosforus daga kan ruwa ba, ko yana tare da tsoho, ko ba ya iya sammako, ya yi arewa. Idan ranar aiki ce ko lokacin sanyi, ya ƙarasa har Shile. Idan Lahadi ce a bazara, ya tsaya a Tudun Yusha'u da Anadolu Feneri ya juyo kafin la'asar, ya bar Shile wa masu ita. Wanda kuwa ya riga ya ga mashigin, kuma ƙauye da gaɓa yake nema da gaske, ya yi kudu. In aka ce in zaɓi ɗaya don kaina, Tirilye zan koma.

Hajiya a watan Yuli ta yi tambayar, ranar kuma Lahadi, ta kuma taɓa hawa jirgin Bosforus shekarun baya. Na ce mata, "Hajiya, ku yi kudu, amma ƙarfe shida ta same ku a mota." Suka tafi da direba. Washegari na same ta a ofishin kago tana ciniki kan gwangwanin man zaitun guda huɗu masu lita biyar-biyar, don ta gano ba za su shiga jakar hannu ba. Ƙanwar tata ta yi jiri a kwanonin Mudanya, yaron kuma ya ƙarar da simit uku a kan tsuntsaye, shi bai ci ko ɗaya ba.